Igiyar Kuluwa da Sunan Kawu

Kukan igiya a kan icen bakin rijiya shi ne abin da ke fara zo mini duk lokacin da na tuna shekarar nan. Rijiyoyin Dakoro masu zurfi ne. Sai jaki ya yi tafiya mai nisa da igiya ɗaure a jikinsa kafin wasaki, wato gugan fata, ya leƙo, kuma duk tsawon tafiyar icen yana wani siririn kuka, kamar mai ƙorafi cikin ladabi. Daga ajin da nake koyarwa ina jin sa, wani lokaci har in shagala in bar alli a hannu, sai yara sun fara dariya sannan in dawo.

Ƴaƴana, na san kun sha jin ana cewa uwarku ce ta yi sanadin da aka ɗauke kawunta daga garin nan. Wasu sun faɗa muku da yabo, wasu da zargi, kuma dukansu ba su san rabin abin ba. Tun da Allah ya ba ni tsawon rai da sauran gani, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu ina goye, da mahaifiyata ta sake aure a Birnin Lalle sai Kawu ya ɗauke ni, shi da matarsa Iya, waɗanda Allah bai ba haihuwa ba. Shi ne sarsan, babban ƴan gardi, wato ƴan sandan wancan zamani, masu jar hula da doki, waɗanda ke zaune a bariki suna aiki ƙarƙashin kumandan mai mulkin yankin. Dogo ne, mai tabo a goshi inda doki ya taɓa harbinsa, kuma ba ya ɗaga murya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Ni ma ban taɓa faɗin nasa ba, ko a bayan idonsa. Shi ya kai ni lakwal, makarantar boko, da hannunsa a lokacin da mutane ke ɓoye ɗiyansu, shi ya tsaya na wuce gaba, har na dawo gida da takardar koyarwa ina budurwa mai yawan shiru, mai rubuta ƴan baitoci a kan gajimare da tsuntsayen kwarin Tarka a bayan kaye, wato littafin rubutun darasi. Iya kan ce idan aka aike ni sayen gishiri, sai an aiki wani ya tuna mini hanyar gida.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka kawo mana kumandan ɗan ƙasa, na farko da muka gani a kujerar nan. Matashi ne mai saurin tafiya. Ya tara manyan gari ya ce ƴan gardi yanzu ba na Nasara ba ne, na jama'a ne, amma ya san hali ba ya sauyawa don an sauya tuta. Saboda haka yana son mutum biyar daga cikin gari su zauna duk mako su saurari wanda ke da kuka da ɗan gardi, a ƙarshen wata su kawo masa shawara. Ba su da ikon hukunta kowa, nasu su ji, su rubuta, su faɗa. Aka sa Alhaji Nomau, mai fataucin hatsi tsakanin Maraɗi da Najeriya, ya shugabanci kwamitin. Akwai Arɗon Fulani, da na'ibin liman, da wani dattijon Buzu, da wani tsohon soja. Da aka zo neman mai rubutu, kumandan ya ce mace yake so, don mata ma suna da baki. A lokacin matan da suka iya alƙalamin boko a Dakoro ba su cika hannu ɗaya ba. Haka abin ya faɗo kaina. Ranar da labari ya iso gida Kawu ya sa aka yanka zabo.

Kuskurenmu na farko shi ne wurin zama. Aka ba mu barandar bariki, aka kawo tebur da kujeru, kuma don girmama mu aka tsayar da ɗan gardi a bakin ƙofa da bindiga a kafaɗa. Babu wanda ya ga aibin haka a cikinmu. Mun manta cewa mutanen nan tun suna yara, in sun hango bariki suke tuɓe takalmi su riƙe a hannu, kuma wanda ya shiga da ƙafarsa ba kasafai yake kwana a gida ba. Mako ya bi mako ba wanda ya zo. In Alhaji ya tare wani a hanya ya tambaye shi ko yana da kuka, sai ya durƙusa ya ce lafiya lau, ya yi wa gwamnati addu'a, ya ƙara sauri. Ni kuwa ina zaune da babban kaye fari fat, ina kallon ƙadangaru a bango. Wata rana Alhaji ya gyara zaman rawaninsa ya dube ni.

"Madamazal, rubuta. Yau ƙuda ukku sunka zo, kuma ba su da ƙarar kowa."

Tsohon soja ya ce a ƙara da cewa ɗaya ya kawo gaisuwa, ya sauka a kan goron na'ibin liman. Arɗo ne kaɗai bai yi dariya ba. Mutum ne da kan yini bai yi magana goma ba. Ya ce shi dai bai taɓa ganin an ɗaure tarko a inda tsuntsu ba ya sauka ba, kuma in kukan mutane muke nema, mu tafi inda suke yin sa tun ba mu tambaya ba, wato bakin rijiya. Kumandan bai so ba da farko, yana ganin zaman gwamnati a ƙasa ƙasƙanci ne, amma ya yarda. Muka kwashe tabarmi muka koma gindin wani gawo kusa da babbar rijiya. Maza suka fara zuwa, sai dai gaisuwa ce kawai ke kawo su. Shi ne aka ce in bar kujera in shiga cikin mata.

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Na zauna a gefen komin shayar da dabbobi da kaye a cinya. Matan suka yi ta tsokanata, wata ta ce in rubuta mijinta da ya sayar da akuyarta, wata ta ce in rubuta rana ta rage zafi. Can na lura da wata mace a gefe, ta tsufa kafin lokacinta, da jaki ɗaya da awaki bakwai da suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ba ta ja ruwa, tana tsaye kawai. Na tambayi dalili, aka ce Kuluwa ce, daga wani ƙauye a hanyar Korahane, jira take kowa ya gama ta ari igiya. A rijiya irin tamu igiya ba ƙaramar dukiya ba ce, gaba arba'in ce ko fiye, kuma mai igiya shi ke da layi. Wanda ba shi da ita sai abin da rana ta rage.

Na matsa kusa da ita muka gaisa. Ba ta san ni ba. Ta ce tana da igiya, mijinta ne ya tufka ta da kaba shekarar da zai rasu. Wata biyu da suka wuce layinta ya zo, wasakinta na tsakiyar rijiya, sai ga dawakin bariki. Al'ada ce tun zamanin Nasara, dokin gwamnati ba ya jira, duk wanda ke ja sai ya juye ruwansa a komi dawaki su sha tukuna. Ita kuwa ranar akuyarta ta haihu, ƙishirwa na neman kashe ta, sai ta ce a bari ta gama wannan gugan ɗaya. Ba a zage ta ba, ba a doke ta ba. Babbansu ya sauko daga doki, ya kwance igiyar daga jikin jaki, ya naɗe ta a hankali, ya rataya a sirdi. Tun ran nan awakinta biyu sun mutu. Ina rubutawa cike da murna, ga shi a ƙarshe kayena ya sami abin ɗauka. Na tambaye ta ko ta san sunan mutumin.

"Ban san sunanai ba, ɗiyata. Dogon nan ne mai tabo a goshi."

Hirar matan ta yanke kamar an rufe tukunya. Wata ta ja Kuluwa gefe ta yi mata raɗa. Na ga fuskarta ta sauya, ta dawo ta durƙusa a gabana, mace da ta isa ta haife ni, ta kama gefen zanena.

"Don Allah ki goge. Ban san ɗiyar gidan ce ke ba. Ni ba ni da ƙarar kowa."

Na ce mata tawada ba ta goguwa. Gaskiya ce, amma ba duka ba, don shafi yana yaguwa, kuma duk hanyar gida abin da nake tunani ke nan. Ba wanda ya ga abin da na rubuta. In na cire shafin, Kuluwa ma za ta gode mini.

Kafin in isa labari ya riga ni. Na tarar da Iya a bakin murhu tana tuƙa tuwo da ƙarfin da ya fi na kullum. Ba ta ɗago kai ba ta fara. Ta ce tuwon wa na ci na girma, wa ya saya mini takalmin da na je lakwal da shi, wa ya hana a yi mini dariya lokacin da nake magana da kaina a bayan ɗaki. Ta ce ashe karatun da aka kai ni na koyon yadda ake tona asirin gida ne. Duk abin da ta lissafa haka yake. Kawu ya dawo daga sallar la'asar ya zauna a kan buzunsa, ya ce Iya ta yi shiru, ya kira ni. Ya ce in faɗa masa abin da matar ta ce. Na faɗa, ban rage ba. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya yi magana.

"Uwata, kin san mi ake yi kafin in zama sarsan? Bulala ake sa ma mutum a gaban matanai. Ni na hana. Na ce a amshi igiya, a bar mutum da mutuncinai. Shekara goma sha ban taɓa jikin kowa ba."

A nan na gane abin da ya fi komai nauyi. Kawu bai ɗauki kansa azzalumi ba. Karɓar igiya ita ce tausayinsa, ita ce abin da yake alfahari da shi a zuciyarsa. Na tambaye shi a hankali ina igiyoyin suke. Ya ce suna ɗakin ajiya a bayan bariki, duk mai so ya zo ya ba da haƙuri ya karɓa. Na ce mutum nawa suka taɓa zuwa. Ya naɗe carbinsa. Bai ce in yage shafin ba, bai kuma ce in bar shi ba. Ya tashi ya tafi duba dokinsa.

Kwana huɗu ya rage zaman ƙarshen wata. A kwanakin nan na riƙe shafin da yatsu biyu ban san sau nawa ba. Abin da ya hana ni ba jarunta ba ce, kada ku ɗora mini abin da ba ni da shi. Kowace safiya ina jin kukan icen rijiya daga aji, in san Kuluwa na tsaye a rana tana jira, kuma na kasa koyar da yara rubutu alhali ina shirin yage nawa.

Zaman ƙarshen wata a gindin gawo aka yi shi, kumandan ya zo, ƴan gardi suka jeru a gefe, Kawu a gabansu da jar hularsa. Mutane sun cika wurin, don gari ya ji. Kuluwa ba ta zo ba, sai da Arɗo ya aika matarsa ta riƙo hannunta. Na miƙe na karanta da Faransanci, sannan na maimaita da Hausa, kuma duk inda sunan ya kamata ya fito sai in ce sarsan. Na yi zaton na tsira. Alhaji Nomau ya yi gyaran murya. Ya san abin da yake nema a wurina, na kuma ga bai ji daɗinsa ba.

"Madamazal, sarsan muƙami ne. Gobe wani na iya hawa. Takarda suna take so."

Na dubi ƙasa. Shekara goma sha tara ban taɓa buɗe baki da sunan nan ba, ji nake kamar an ce in tuɓe ɗankwali a kasuwa. Na faɗe shi, Sarsan Abdu, muryata ƙarama har na bayan suna tambayar me na ce. Kawu ya yi taku ɗaya gaba ya ce shi ne, kuma yadda aka karanta haka aka yi.

Shawarar da kwamiti ya bayar gajera ce. A mayar wa kowa igiyarsa. Bariki ya sayi tasa igiya da wasaki, dawakinsa su bi layi kamar na kowa. Kada ɗan gardi ya ƙara karɓar kayan mutum sai da takarda daga biro, ofishin kumandan. Kumandan ya amince a wurin, ya ce a buɗe ɗakin ajiyar yanzu kowa yana gani.

Ban taɓa manta abin da aka fito da shi ba. Igiyoyi ne tuli guda, na kaba da na fata, wasu sun yi shekaru har sun manne da juna. Aka baza su a rana. Da farko ba wanda ya matsa, sai wani tsoho ya tako, ya shafa wata, ya ce wannan tufkar ubansa ce, da hagu yake murzawa. Daga nan wuri ya rikice. Kowa ya san tasa da irin ƙullinta, kamar yadda uwa ke sanin kukan ɗanta. Har dariya aka yi, don mutum biyu sun kama igiya ɗaya suna ja, Alhaji ya ce a kawo jaki ya raba gardama. Kuluwa ta sami tata, amma gara ta ci tsakiyarta, da aka ja sai ta rabu biyu. Ta tsaya da guntu a kowane hannu. Kawu ya cire hularsa ya ba wani ya riƙe, ya aika aka kawo kaba, ya zauna a ƙasa a gaban ƴan gardinsa da dukan gari, ya warware bakin guntayen ya fara tufka. Ashe ya iya, ɗan manomi ne kafin ya sa kaki. Har rana ta karkata yana yi. Da ya gama ya taka gefe ɗaya ya ja da ƙarfinsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

Daga wannan mako kayena bai ƙara zama fari ba. Wasu ƙararrakin gaskiya ne, wasu ƙiyayya ce aka yi wa ado, kuma mun koyi rarrabewa. Akwai ƴan gardin da kwamiti ya wanke, su ma suka fara zuwa da nasu kukan. Na yi murna, na ɗauka abin ya ƙare a nan.

Wata biyu bayan haka takarda ta fito, an mayar da Kawu wani ƙaramin zango a arewa, wajen Azagor, inda ba komai sai rairayi da raƙuma. Gari duka ya ce hukunci ne, ni ma haka na ɗauka. Iya ta ɗaure kayanta ba ta dube ni ba, kuma shekara guda cur ba ta aiko mini da gaisuwa ba. Gidan da na girma a ciki aka ba wani. Na koma zama wurin iyalin shugaban lakwal har Allah ya haɗa ni da babanku. Ranar tafiya Kawu ya dafa kaina daga kan doki ya ce in riƙe aikina da kyau, iyakar abin da ya ce ke nan. Duk ayarin da ya sauko daga arewa sai ya aiko mini da cuku. Nakan ci ina kuka a farko, daga baya na koma ci kawai. A can ya yi ritaya, ya ƙi dawowa, ya ce iskar wurin ta karɓe shi. Iya ta sauko da kanta lokacin da na haifi babbarku, ta yi mini wankan jego, ba mu taɓa tada zancen ba.

Shekara takwas na yi ina rubuta wa kwamitin nan, har lokacin da aka sauya tsari aka rushe shi. Ban yi nadama ba. Na ga mata suna wuce bariki da takalmi a ƙafa, na ga dokin gwamnati tsaye a bayan jakin talaka yana jiran layi, kuma waɗannan sun ishe ni. Amma ko a ranakun da na fi jin daɗi, akwai wani wuri a zuciyata da ke cewa na kori mutumin da ya raine ni daga gidansa, ya tsufa a daji.

Kawu ya yi shekara shida da rasuwa lokacin da na je wani biki a Maraɗi, na tarar da tsohon kumandanmu a cikin baƙi, ya yi furfura, yana dogara sanda. Ya gane ni. Muna cikin tuna mutanen da, na yi ƙarfin hali na ce masa har yau ina ganin hukuncin da ya yi wa Kawu ya yi tsanani. Ya dube ni da mamaki ya ce wane hukunci. Ya ce bayan zaman nan daga sama aka rubuto masa cewa bai dace mai rubutun kwamiti ta kasance ɗiyar gidan sarsan ba, dole ɗaya ya matsa. Shi kuwa ya riga ya yanke ni zai cire, don sarsan irin Kawu ba a samunsa ko'ina, har ya sa an buga takardata. Ya kira Kawu ne kawai don ya sanar da shi kafin ni.

Kawu ya ce masa a yage wannan takardar a rubuta tasa. Ya ce masu hawa doki suna da yawa a ƙasar nan, amma bai san wata da za ta iya faɗin sunansa a gaban jama'a ba in ba Uwata ba. Ya kuma roƙi kada a gaya mini, don in na ji ba zan yarda ba.